Yadda za ka karɓi ƙaramin kare daga hannun mai riƙo a Jos

Ƙananan karnukan da ke neman gida a Jos sun fi yadda ake zato yawa. Wani mai shi aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Legas, wani bizar Ingila ce ta fito masa, wata kuma ɗaliba ce da ta saya don sha'awa tana ajin farko a jami'a, da ta gama iyaye suka ce ba dai a gidansu ba. Akwai kuma karyar da mai kiwo don sayarwa ya gama tatsa, ta haihu sau biyar ko shida, da ta daina kawo kuɗi ya buɗe mata get. Irin waɗannan ne ke faɗawa hannun masu riƙo: likitan dabbobin da aka kawo wa kare jinya ba a dawo ɗauka ba, ɗalibin kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom, ko wata baiwar Allah a Rayfield ko Bukuru da ba ta iya ganin dabba a kwata ta wuce. Su yi masa magani, su ciyar da shi wata ɗaya ko uku, sannan su sa hotonsa a WhatsApp ko Facebook ana cigiyar wanda zai karɓa.

Abin da ya raba wannan kare da wanda ake saya a kwali a bakin titi shi ne akwai mutumin da ya kwana ya tashi da shi. Ya san abin da yake ci, da abin da ke firgita shi, da ƙarfe nawa yake neman fita. Yawancin masu karɓa sukan sungumi karen su bar wannan sani a can, sai bayan sati biyu a ji suna cewa an ba su kare mai taurin kai.

Fara da mutanen gida

Ƙaramin kare shi ne wanda bai wuce kilo 10 ba, irin su Lasa, Eskimo, Ciwawa da barbarar yanyawansu. Sukan yi shekara 12 zuwa 15, wani ma ya haura. Idan ka karɓi ɗan shekara uku, nauyin shekara goma ka ɗauka ke nan, da aure a ciki, da haihuwa, da tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan gidan Musulmi ne, a warware batun addini tun kafin a je kallon kare. Duk wanda ya zauna a zauren da ake karanta Risala ya ji cewa ba a ajiye kare a gida sai don gona ko kiwo ko farauta, kuma hadisin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi haka kawai sananne ne. Malamai da dama sun haɗa gadin gida da waɗannan ukun, masu sharhi ma suna kawo labarin cewa shi kansa mai Risalar ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. A Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun fi tsanantawa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Ka je wurin malaminka ka faɗa masa ainihin dalilinka. Abin da ya shafe mu a nan shi ne amsar da ka samo ita za ta nuna inda karen zai kwana, kuma dole mai riƙo ya ji wannan. Karen da ya saba kwana kan kujerar falo, ka kai shi bayan gida ka rufe, kuka zai yi ta yi har asuba, unguwa duka ta san ka yi baƙo.

Gidan da ba shi da wannan damuwar ma yana da maƙwabta. A gidan haya na Tudun Wada ko Nasarawa Gwong, inda Musulmi da Kirista ke shanya a igiya ɗaya, kare kan zama sanadin gaba tsakanin mutanen da suka shekara goma lafiya. Ka sami mai gidan da kanka, ban da aike: "Baba, izininku nake nema. Akwai ɗan ƙaramin kare da nake so in karɓa. An yi masa allura, ba zai fito tsakar gida ba sai da igiya, kashinsa kuma ni zan riƙa kwashewa." In ya ce "to, bari mu gani", bai yarda ba tukuna, kada ka ɗauko.

Sai tambayar da maza ba su son ji: wa zai yi aikin? In kai kana fita tun bakwai na safe sai bayan magariba, uwargida ce za ta yi, ko yara. A tambaye ta tsakani da Allah. Kuma in gadi kake nema, ka sani ɗan Lasa ba zai kayar da ɓarawo ba. Aikinsa ya ji motsi kafin kowa ya tashe ka, wannan kuwa ya iya shi har ya yi yawa.

Gane mai riƙo na gaskiya

Hanya mafi tsabta ita ce ta bakin likitocin dabbobi. Ka leƙa asibitin dabbobi na Polo ko wani asibitin kuɗi da ka yarda da shi, ka ce kana neman ƙaramin kare na riƙo. Su suka san wanda ke da shi, kuma sau da yawa su suka yi jinyarsa.

A intanet sai an yi hattara. Duk wanda ya turo hoton kwikwiyo fari tas kamar auduga, ya ce kyauta ne amma ka fara tura kuɗin mota daga Abuja, ɗan damfara ne. Wanda ya ce ku haɗu a Terminus ya miƙo maka ta tagar mota, ya ƙi ka ga inda karen yake zaune, ko dai mai sayarwa ne ya sake suna, ko karen na sata ne. Mai riƙo na gaskiya shi zai dame ka da tambaya: gidanka da katanga? Akwai yara? Ka taɓa kiwon kare? Ina wancan ya tafi? Wani har ya ce zai zo ya ga gidan. Kada ranka ya ɓaci. Wanda ya ba ka kare bai tambaye ka komai ba, shi ma ba shi da abin da zai faɗa maka a kansa.

Ziyara, da abin da za ka tambaya

Ka je sau biyu in da hali, na biyun tare da waɗanda za su zauna da karen. Da ka shiga kada ka nufe shi. Ka gaisa da mutanen gida, ka sami wuri ka zauna, ka ɗan ba shi gefe, kada ka zuba masa ido. Shi zai zo ya sunsuna ƙafarka in ya ga dama. In ya zo, ka sosa masa ƙirji ko gefen wuya, ban da ɗora hannu a ka, don ƙaramin kare yana ganin hannun da ya sauko daga sama a matsayin barazana. Wanda ya ɓuya ƙarƙashin kujera ba mugu ba ne, tsoro ne, kuma yawanci yana warwarewa. Wanda ya sandare, ya kafe ka da ido, ya ɗage leɓe yana gurnani ƙasa-ƙasa, wannan sai wanda ya san kan karnuka, bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ba.

Ka zo da takarda da biro, don ba za ka riƙe duka a ka ba. Ka fara da tarihi: "Anti, a ina aka same shi, kuma ya daɗe a wurinku?" Karen da ya yi kwana huɗu kacal a gidan riƙo bai nuna halinsa ba tukuna, wanda ya yi wata biyu kuwa an san shi ciki da bai.

Daga nan ka gangaro kan ƙananan abubuwa, su ne za su cece ka a satin farko. Me yake ci, wane iri, cokali nawa ko kofi nawa, da ƙarfe nawa? A ina yake kwana, a kan me? A ina yake fitsari, kan ciyawa ko siminti ko ƙasa, kuma wace alama yake yi in ya matsu? Awa nawa aka taɓa barinsa shi kaɗai, me ya yi? Da wane harshe ake masa magana? Wannan ba wasa ba ne a Jos: karen da ya tashi da Turanci ko Berom, ka tsaya kana ce masa "zauna" kallonka kawai zai yi. Ka rubuta kalmomin da ya sani yadda ake furta su.

Ka tambayi abin da yake tsoro, ɗaya bayan ɗaya. Maza? Mai hula ko mai babbar riga? Tsintsiya? Karen da aka saba duka da tsintsiya, da ya ga an ɗauko ta sai ya ruga ko ya kai cizo, kuma a gidanmu ana shara sau biyu a rana. Ƙarar janareta fa? Tsawa? Ya yake yi da kaji, da akuya, da kyanwa? In kana da kaji a gida kada ka karɓi "ai ba ruwansa" a baki, ka nemi a gwada a gabanka yana cikin igiya.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce ko ya taɓa cizo. Kada ka yi ta kamar mai tuhuma, don mai riƙo yana son karen ya sami gida, zai iya sassautawa. Ka ce: "Mama, don in san yadda zan kiyaye yara ne, akwai lokacin da ya taɓa kai baki, ko da bai kama ba? Me ake yi masa a lokacin?" Amsar wannan kashi na biyun ita ce mai amfani. Karen da ya kai baki don an taɓa kwanon abincinsa, ko an ja masa gashin da ya cukurkuɗe, ana iya zama da shi in an san dokarsa. Wanda ya ciji mutum yana zaune ba abin da ya haɗa su, ka haƙura da shi.

Katin riga-kafi

"An yi masa duka allurai" magana ce, kati ake so. Katin kirki yana ɗauke da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar allurar aka manna, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannu da hatimin likita. Likitan gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Wannan ya zama dole ne saboda allurar riga-kafi tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma wanda ke yawo da ita a jaka cikin rana ruwa kawai yake tsira wa dabbobin mutane.

Allura biyu za ka nema. Ta farko ita ce ta haukan kare, wadda ake fara yi yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. A nan Filato ba mu da uzuri a kanta, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take wurin tun 1924, tana sarrafa wannan allura, kuma can ake kai samfurin karen da ake zargi a gwada. Duk ranar 28 ga Satumba ake bikin ranar yaƙi da cutar a duniya, a irin wannan lokaci akan sami wuraren da ake yin allurar kyauta ko da rangwame.

Ta biyu za ka ga an rubuta DHLPP, allura ɗaya ce mai kare cuta biyar. A cikinsu wadda ta fi kashe kwiyakwiyai a garin nan ita ce fabo: amai, gudawa da jini mai ɗoyi, cikin kwana biyu ko uku kare ya bushe. Kwikwiyo yana fara karɓar allurar yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ƙwayar fabo tana iya yin watanni a ƙasa da ranta. In kare ya taɓa mutuwa da irin wannan gudawa a gidanka cikin shekarar nan, kada ka kawo kwikwiyon da bai gama allura ba, ka nemi babba. Siminti da kwanuka ana wanke su da Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, amma ƙasa ba ta wankuwa.

In babu kati, ko an ce ya ɓata, likita zai ɗauka ba a yi komai ba ya fara daga farko. Maimaita allurar ba ya cutarwa.

Duba shi da hannunka, sannan likita ya duba

Ɗaga leɓensa. Dasashi ya zama ja-ja mai haske. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, yawanci kaska ce ko tsutsar ciki. Dubi haƙora: ƙananan karnuka sun fi manya ruɓewar haƙori, baki mai wari da dattin da ya daskare ruwan ƙasa yana nufin akwai aikin da za ka biya nan gaba. Leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke taruwa. Shafa gashin baya ta hanyar da ba ita ya kwanta ba, in ka ga baƙin gari kamar barkono, kashin ƙuma ne. Sa shi ya yi tafiya. In yana ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi tsalle biyu sannan ya sauke, ƙoƙon gwiwa ne ke gocewa, abin da ya zama ruwan dare a irinsu. In karen ya yi yawon titi, a duba al'aurarsa, don akwai wani ƙari mai zubar da jini da suke ɗauka wurin barbara. Yana warkewa da allurai na 'yan makonni, amma gara ka sani kafin ka karɓa.

Ko da komai ya yi kyau, ka kai shi wurin likitanka cikin satin farko. A auna nauyinsa a rubuta, don duk maganin da za a ba shi da kilo ake lissafawa, kuma a jikin kare mai kilo huɗu ɗan kuskure ba ƙarami ba ne. Ka tambaya ko an yi masa fiɗiya, ko an cire wa macen mahaifa. Ra'ayina a yi. Karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, karnukan unguwa za su yi sansani a ƙofar gidanka, in kuma babban kare ya hau 'yar ƙarama, bayan kwana 63 haihuwar na iya zama ajalinta. Masu riƙo da yawa ma ba za su ba ka ba sai ka yi alkawarin ba kiwon sayarwa za ka yi da ita ba.

Kuɗi da alkawari

Wasu masu riƙo ba sa karɓar ko sisi, wasu sukan nemi a mayar musu da abin da suka kashe na allura da tiyata. Ka nemi ganin rasit, ka biya da daɗin rai. Ku rubuta 'yar yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: an ba ka sati biyu na gwaji, in abin bai yiwu ba za ka dawo da shi nan, ba za ka sayar ba, ba za ka ba wani ba sai da saninsu. Mayar da kare ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a kai shi bayan gari a sake.

Gyaran gida da ranar ɗaukowa

Zagaya katangarka kana kallon ƙasa. Kafar da ruwan wanka ke fita, ƙarƙashin get, tsakanin katanga da bayan gida: inda kansa ya shiga, jikinsa zai bi. Toshe da waya ko bulo. Kwashe shinkafar ɓera, da fiya-fiya, da Sniper, da maganin ciyawa, a kai inda ba zai kai ba. Rufe rijiya. Ka tanadi kwano biyu nasa shi kaɗai, da keji ko kwando mai tsohon bargo, da igiya. Ka sayi ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya, don maƙogwaron ƙananan karnuka ba shi da ƙwari, jan wuya yana jawo musu tari mai ƙara. Abin wuyan a bar shi don rataya lambar wayarka kawai.

Zaɓi ranar da za ka wuni a gida, da safe, kuma ba cikin hidimar Sallah ko Kirsimeti ba. Ƙarshen Disamba ma ya fi muni, lokacin da yara ke fasa banga dare da rana. Roƙi mai riƙo ya haɗo ka da tsumman da karen ke kwana a kai, kada a wanke, da abincin kwana bakwai. Kada a ciyar da shi awa uku kafin tafiya saboda amai. A Keke ko mota ya kasance cikin keji ko kwali mai huji, ban da riƙewa a cinya.

Da kun iso, kafin ya shiga ko'ina, kai shi inda kake so ya riƙa fitsari, ka tsaya da shi har ya yi. Sannan ka nuna masa makwancinsa da ruwa, ka ƙyale shi. Ban da wanka ranar, ban da kiran maƙwabta su zo gani, ban da yara su yi ta ɗaukarsa. Kwanakin farko ne aka fi ɓatar da kare, domin bai san nan gida ba ne, hanyar komawa inda ya fito yake nema. A gargaɗi kowa kan get, har almajirin da ke ɗebo ruwa da mai kawo gawayi. Karen da ya fita a garin nan ba lallai ya dawo ba: mai gashi a sayar wa masu kiwo, na gida kuwa kowa ya san akwai kasuwar karnukan yanka a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke. Ka ɗauki hotonsa tun ranar farko.

Masu wannan harka suna da wani ƙiyasi: kwana uku na firgita, sati uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin ya saki jiki. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum yanke hukunci da wuri. In ya ƙi cin abinci ranar farko ba komai, muddin yana shan ruwa. Kwikwiyo ne ba a yi wa wannan haƙurin, don sukarin jininsa na faɗuwa da sauri. In ya yi laushi yana rawar jiki, shafa masa zuma a dasashi ka nufi asibiti.

Abinci

Satin farko ka ba shi abin da ya saba, a lokacin da ya saba. In za ka canza, ka yi cikin kwana bakwai: kwata na sabo, sannan rabi, sannan kashi uku cikin huɗu. Canjin dare ɗaya gudawa yake kawowa, kai kuma ka ɗauka cuta ce. Babba sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu.

Abincin buhu mai kyau ya fi sauƙi, kuma tunda cikinsa kaɗan ne buhu yana daɗewa. Mai dafawa da kansa ya haɗa shinkafa ko acca ko dankali da kifi, ƙwai ko nama, da karas ko kabewa, duk ga su a Farin Gada. A dafa ba gishiri, ba magi, ba yaji, kuma a nuna wa likita haɗin don ya faɗi abin da ya rage. Ragowar tuwo da miya kullum ba abinci ba ne, ga shi miyarmu ba ta rabuwa da albasa, ita da tafarnuwa kuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare. Cakulan, inabi da zabibi guba ne gare shi. Goro ma haka, a gaya wa kaka ta daina jefa masa. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Kada a taɓa ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane.

Fitsari, haushi da yara

Ko karen da ya iya a gidan riƙo zai yi kuskure a naka. Fitar da shi da ya tashi barci, da bayan ya ci, da bayan wasa, da kafin a kwanta, kullum wuri ɗaya. Da ya yi, ka yabe shi nan take ka ba shi ɗan abin taɓawa. In ka tarar da ɓarna a ɗaki, goge kawai. Duka ko tura hancinsa ciki ba abin da yake koya masa sai ya riƙa ɓuya bayan kujera yana yi.

Haushi kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ana rage shi ne da yawo safe da yamma, da hana shi zama inda yake hango masu wucewa. In ka daka masa tsawa, a wurinsa ka taya shi ne. Ka kuma fara koya masa zaman kaɗaici tun satin farko, minti biyar, sannan goma, sannan rabin awa.

Yara su san abu uku: ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a bin shi cikin kejinsa. In ya yi gurnani a ja da baya, kuma kada a dake shi a kan haka. Karen da aka hana gurnani shi ne ke cizo ba gargaɗi. Yaron da bai kai makaranta ba ba a barinsa da kare su biyu.

Damina da hunturu

Da ruwa ya sauka a Afrilu kaska take ƙaruwa, ita ce ke kawo zazzaɓin da ke shanye jini. Akwai ƙwayoyin taunawa, irin su NexGard na wata ɗaya da Bravecto na wata uku, ana ba da su gwargwadon nauyi. Maganin wankan da ake kira amitaraz yana da ƙarfi, ba a yi wa Ciwawa da ƙananan kwiyakwiyai. Masu shafa wa kare baƙin mai, kananzir ko fiya-fiya, guba suke shafa masa da za ta iya kashe shi. Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango, don haka makwancin ma sai an yi masa feshi, karen yana nesa har ya bushe. Maganin tsutsar ciki duk wata uku ga babba.

Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari ko a jiƙaƙƙen tsumma, tsutsar ta shige fata. Za ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo a matse ta, in sun yi yawa a kai asibiti. Shimfiɗarsa ta riƙa bushewa sarai, kuma kada a shanya ta a ƙasa.

Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, sanyin Disamba da Janairu ba ya wasa da ɗan kare mai gajeren gashi. Makwancinsa ya ɗaga daga siminti, ya ba iska baya, wanka kuma sai da rana da ruwan ɗumi. Mai dogon gashi irin Lasa yana son taza kusan kullum. In gashin ya dunƙule har fata, a aske, kada a ja, kuma kada a sa almakashi inda ba a ganin fatar.

In ya ciji mutum

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti ranar, da katin karen a hannu. Ko yaƙushi ne da ya fasa fata haka za a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani, na asibiti ko na gargajiya. In ɗan maƙwabta ne, kai za ka kai shi ka biya, kada ka tsaya gardamar wa ya tsokani wa.

Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi. A killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, wanda aka ciza kuma ya ci gaba da bin abin da asibiti suka ce. In karen ya mutu cikin kwanakin nan, ko ya fara dalalar da yawu, ko muryarsa ta canza, ko ya kama cizon duk abin da ya gani, kada kowa ya taɓa shi da hannu, kada a binne, kada a ba masu yanka. A kira likita ya ɗauki samfur cikin ƙanƙara a kai Vom, a kuma sanar da asibitin da ke kula da wanda aka ciza a ranar.